Na'urar da Sa'idu Ya Zaɓa

Ranar wata Asabar da la'asar Sa'idu ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shagon Mas'ud mai kayan lantarki, a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Abu ɗaya ya kawo shi, na'urar nan mai nuna hanya da 'yan boko ke kira GPS.

Sa'idu ɗan awo ne. Yana bin ƙauyukan Kurfi yana sayen gero da dawa da wake. Da rani ya shiga da tsohuwar a-kori-kurarsa, da damina kuwa, idan hanyoyi sun jiƙe, sai ya hau babur ya je ya ƙulla ciniki. Wayarsa tana da taswira, amma da ya wuce Kurfi sai sabis ya ɗauke, ta bar shi tsaye a mararraba kamar baƙo. Ga shi kuma mutum ne da tambayar hanya ke yi masa ciwo. Ya gwammace ya ƙone man rabin yini yana bulayi da a ce makiyayi ya nuna masa gabas.

Mas'ud ya jera masa guda uku a kan kanta.

"Wagga ta mota ce zalla," in ji shi. "Fuskarta babba, ko tsoho ya gani. Amma ruwa na taɓa ta, ta gama aiki. Wagga kuma ta babur ce, ba ta tsoron ruwa, ba ta tsoron gargada, sai dai cikin mota za ka riƙa ƙanƙance ido."

"Ta ukun fa?"

Ta ukun baƙa ce, ta hannu, gefenta duk ya goge. Mariƙi biyu gare ta, ɗaya mai cizon kan babur, ɗaya mai manne wa gilashin mota. Ba ruwanta da sabis. Sa'idu ya sa aka kunna su duka, ya nemi Barkiya, ya nemi Ɗantutture. Sababbin biyu suka nuna babbar hanya kawai, sauran wurin fari fat. Tsohuwar kuwa sai ga zare-zare sun cika fuskarta: burtali, hanyar ƙafa, hanyar amalanke, har da Unguwar Sodangi inda aka haife shi, ƙauyen da gidajensa ba su kai talatin ba.

"Wa ya sa mata waɗannan?"

"Mai ita na farko. An ce mai auna filaye ne. Duk inda ya taka sai ta ajiye."

"To mi ya sa ya rabu da ita?"

"Ba shi ya kawo ba, danginsa ne," Mas'ud ya ce, ya juya yana gyara wayoyin caja da ba su buƙatar gyara.

A cikin zare-zaren nan akwai hanyoyin da Sa'idu, ɗan ƙasar, bai taɓa jin labarinsu ba. Mai hankali da nan zai tsaya ya yi tunani. Shi daɗi ma abin ya yi masa, ya ce a naɗe masa ita.

Na'urar tana magana da muryar mace, da Turanci. Cikin mako biyu Sa'idu ya raɗa mata suna Baturiya, ya kuma koyi amsa mata. Ta ce ya yi dama, ya ce, "To, ranki ya daɗe." Ta ce ya miƙe, ya ce, "An gama." Da ya je ƙauye gaida yayansa Labaran, har ya kunna ta a tsakar gida don a sha mamaki. Labaran ya yi dariya har da buga cinya. Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifinsu da ta riƙe su tun suna marayu, ko murmushi ba ta yi ba.

"Kai, Sa'idu, daina amsa wa abin da ba ya da fuska," ta ce. "Mu nan, in rana ta yi ja, ko uwarka ta kira ka a daji ba ka amsawa sai ka gan ta da idonka."

"Gwaggo, batir ne fa da waya."

"Na dai faɗa maka."

Ranar Litinin ta ƙarshen watan Agusta, bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara. Malam Zubair ne, ma'aikacin ɗan ƙaramin asibitin ƙauyensu, ya hau tudu ya samu sabis da ƙyar. Kububuwa ta sari Labaran a gona. Ƙafa ta kumbura, dasashi ya fara zubar da jini. Rafi ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, kuma ba a son a jijjiga shi a kan babur. Allurar dafin maciji ake so, yau ba gobe ba.

Labaran ne ya bar makaranta ya kama fartanya don Sa'idu ya yi karatu. Shi ne ya sayar da bijiminsa ya ba shi jarin awo. Sa'idu bai san lokacin da ya zaga kemis uku ba. A na huɗu ya samu. Aka sa masa kwalaben cikin ƙaramar kula da ƙanƙara, ya rataya ta a ƙirji, ya cika tanki, ya ɗaure na'urar a kan babur.

Ya wuce Kurfi rana ta fara ja. Ya bar kwalta, ya shiga hanyar Ɗantutture. Da ya iso mashigar rafi ya tarar da ruwa ja wur yana tafe da rassan itace. Masu babura uku suna tsaye suna kallo. Suka ce sai dai ya zagaya ta gadar sama, tafiyar awa ɗaya da rabi.

Ya dubi na'urar. Ga wani zare nan siriri, ya ratsa gonaki ta hagu, ya faɗa Unguwar Sodangi kai tsaye. Kilomita huɗu.

"Akwai hanya ta nan?" ya tambaye su.

Babbansu ya dubi inda ya nuna, ya girgiza kai. "Tsohuwar turba ce. Ba a noma ta, ba a kuma bin ta. Haka muka taras."

Sa'idu ya taɓa kular da ke ƙirjinsa. Ya karya kan babur ya shiga.

Turbar ta fi yadda ya zata kyau. Ƙasa ce a daddaɓe, ba ciyawa ko ɗaya, kamar kullum ana share ta. Gero ya yi mata bango hagu da dama, ya fi tsawon mutum. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi. Baturiya ta ce ya miƙe, ya ce to. Kilomita uku. Kilomita biyu.

Sai ya lura kwaɗi sun yi shiru.

A irin wannan lokaci na damina kukan kwaɗi har kunne yake toshewa. Yanzu babu. Babu tsuntsu, babu gyare. Ƙarar injinsa kaɗai, ita ma kamar an rufa mata bargo. Can gaba ya ji daka, luguden taɓarya biyu, a wurin da ya san ba gida. Warin wani hayaƙi ya bugi hancinsa, ba na kara ba, ba na itace ba, kamar ana babbaka gashi.

Ya dubi na'urar. Kilomita biyu. Ya yi tafiya mai nisa ya sake duba. Kilomita biyu.

"Sa'idu."

Muryar Baturiya ce, a hankali, yadda take faɗin komai.

"Na'am," ya ce.

Bakinsa ne ya amsa, don ya saba. Kafin kalmar ta gama fita ya tuna Gwaggo. Na'urar ba ta san sunansa ba. Bai taɓa faɗa mata ba.

Fuskarta ta mutu, baƙi ƙirin.

Bayan babur ya lotsa. Wani ya hau.

Bai ji hannu ba, bai ji ƙafa ba. Nauyi kawai, kamar buhun dawa biyu, da sanyi a bayan wuyansa. Ya kai ido madubi. Gero ne kawai yake wucewa a ciki.

"Mun daɗe ba mu samu mai amsawa ba," aka raɗa masa a kunne, da Hausa tsantsa. "Yi dama."

Ya so ya taka birki. Ƙafarsa ta ƙi. Ya so ya saki totur, yatsunsa sun manne kamar an ɗinke su da robar. Hannuwansa suka karya kan babur dama, shi yana kallo.

Ya buɗe baki zai yi addu'a. Iska ce kawai ta fito.

Suka yi tafiya. A gindin wani gawo aka ce, "Tsaya." Babur ya tsaya da kansa. Nauyin ya sauka. Sa'idu ya ja numfashi, ya zaci an gama da shi. Sai wani ya hau, wannan marar nauyi, mai warin tsohon rami, ana jin ƙarar mundaye a jikinsa.

"Miƙe," in ji wata tsohuwar murya.

Haka suka mai da shi ɗan acaɓa. Wannan ya sauka, wancan ya hau. Wani ya zo da kaya masu motsi. Wani yana tari. Rana kuwa tana nan inda ya bar ta, ja, a kan geron yamma, ba ta faɗi ba, ba ta ɗaga ba.

Abin da ya fi ci masa rai, turbar zagaye take yi, kuma ta bayan ƙauyensu take bi. Ta tsakanin karan gero ya hango kwanon masallacinsu. Ya ga darbejiyar ƙofar gidan Labaran. Ya ji kukan akuyarsu mai tsagaggen kunne. Taku hamsin, bai fi ba. Ya tattara duk ƙarfinsa ya danna kan babur hagu, har jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Ba nan ba," aka ce. "Wuce."

Ya wuce.

Suka sake zagayowa. Ga darbejiya. Ga kula a ƙirjinsa, sanyinta yana ratsa riga. Ya wuce.

Ya daina ƙirgawa a na tara. Hawaye ne kawai ke zuba, iska tana kwashe su zuwa kunnuwansa. Bai taɓa sanin mutum zai iya zama abin banza haka ba, magani a jikinsa, ɗan'uwansa a bayan danga.

Sai injin ya yi tari.

Ya sake tari. Ya shaƙe. Mai ya ƙare.

Babur ya gangara ya kwanta. Yatsunsa suka saki.

Sa'idu ya faɗi, ya mirgina. Ya cire riga, ya juya ta bai-bai ya mayar, yadda tsofaffi ke cewa wanda daji ya ruɗa ya yi. Ya rungume kula. Ya faɗa cikin gero.

Bayansa aka fara sauka. Ƙafafu da yawa. Mundaye.

Muryarsa ta dawo, a shaƙe. Ya kama Ayatul Kursiyyu, yana tuntuɓe a tsakiya yana komawa farko. Ganyen gero yana yankar fuskarsa.

"Sa'idu."

Bai waiwaya ba.

"Sa'idu, ni ne. Ƙafata. Tsaya ka taimake ni."

Muryar Labaran ce. Har da 'yar sarƙewar da yake yi in ya gaji.

Ƙafafunsa suka rage gudu. Bakinsa ya buɗe.

Ya cusa hannu ya cije, har ya ji gishirin jini.

Ya yi ta gudu.

Danga ta tare shi, ya afka mata, ta karye da shi. Kukan kwaɗi ya rufto masa gaba ɗaya. Ana kiran sallar magariba.

Ya tashi da rarrafe ya zagayo ƙofar gida yana ɗaga kula sama. "Malam Zubair! Ga ta! Na kawo! Ina Yaya?"

Tabarmi ne shimfiɗe a gindin darbejiya. Maza sun kai arba'in, wasu daga Kurfi, wasu daga Barkiya, ga tiren gumba da goro a tsakiya. Duk suka miƙe suna kallonsa, riga a juye, fuska duk jini. Malam Zubair ne ya tako, ya karɓi kular a hankali, ya buɗe. Ƙanƙarar ko narkewa ba ta fara ba.

"Sa'idu," ya ce, "yau Alhamis. Sadakar uku muke yi."

Washegari aka samu babur ɗin kwance a kan tsohuwar turbar, tayoyinsa sun cinye har zare ya fito. Mariƙin yana nan a kansa, na'urar babu. Ba wanda ya neme ta. Sa'idu ya yi wata guda ba ya fita. Da ya koma awo, ya zama mai tsayawa a kowace mararraba ya yi sallama ya tambayi hanya, ko da ya san ta, kuma la'asar ba ta ƙara same shi a wajen gari ba.

Yana ta tambayar yadda Labaran ya cika, ana ce masa cikin sauƙi, da kalmar shahada. Gwaggo ce ta hana a ƙara masa komai. Sai ranar arba'in, da mutane suka watse, Ikilima matar marigayin ta yi masa magana daga bayan labulen ɗakinta, inda take takaba.

"Mun ji ka fa," ta ce. "Tun daren Litinin muke jin babur ɗinka yana zagaya gari. Kowa ya san ƙararsa. Maza suka fita da fitilu, ba su ga kowa ba."

Sa'idu ya dafa bango.

"Shi ma ya ji?"



"Shi ya fara ji. Duk sanda ƙarar ta matso sai ya ɗaga kai ya ce, ku buɗe ƙofa, ga ƙanena nan ya iso. In ta yi nisa ya ce, ku bar shi, hanya yake nema, ba ya bari na. Har ya cika, ƙofar a buɗe take."