Shirun Tela

"Ja numfashi ciki... ƙara ja."

Kumatu ta ja numfashi har idanunta suka kawo ruwa, amma zif ɗin rigar ya tsaya cak a tsakiyar bayanta, ko motsi ya ƙi yi.

Yaya ta sake shi ta karkaɗe hannu. Ita ce babbar yayar Tela, saurayin da Kumatu za ta aura, kuma ita ke auna mata a ɗan ɗakin da ke bayan shagonsu, mai labule ɗaya da dogon madubi da ya tsage a gefe.

"To, ni dai na yi iya yina. Ga rigar amarya, amarya ce ta ƙi shiga."

"Yaya, ko kuskure aka samu wajen awo? Ai ke kika auna ni..."

"Ni na auna, amma ba ni na yanka ba. Na miƙa masa awonki, ya duba, ya ajiye gefe, ya ɗauki almakashi. Kin san tela, abin da idonsa ke son gani shi hannunsa ke yankawa."

Ƙarya take yi, kuma gara in faɗa muku tun yanzu kada ku zagi bawan Allah a banza. Ita ta yanka rigar ranar da ya fita sayen zare. Da ya dawo ta ce masa amarya ta roƙi kada ya ga rigar sai ranar biki, shi kuma ya yi murmushi ya yarda.

"Ba za a iya buɗa ta ba?" in ji Kumatu.

"Ba a bar rara ba. Yadin kuma ya ƙare a kasuwa, kin san wahalar da ya sha kafin ya samo shi."

A kan benci akwai Gimbiya, mai shagon kwalliyar da ke jikin nasu, siririya kamar a hure ta ta faɗi. Ita ce Yaya ta so wa ƙanenta tun farko, duk layin an san haka. Gimbiya ta taso da fara'arta ta dafa kafaɗar Kumatu.

"Haba 'yar uwa, wannan abin kuka ne? Ai da sauran lokaci kafin biki. Akwai wani shayi a wurina, kofi da safe, kofi da yamma, tsakani kokwamba da ruwa. Ki yi sallama da shinkafa da burodi kawai. Za ki ba ni labari."

Kumatu ta dubi kanta a madubi, bayanta a buɗe, rigar ta matse ta ko'ina. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ba ni shayin," ta ce.

Babanta ne ya sa mata Kumatu tun tana rarrafe, sunan kuma ya bi ta har makarantar ƙananan yara inda take koyarwa. Cikakkiyar mace ce, mai dariya da dukkan jikinta, irin wadda yara ke rige-rigen hawa cinyarta. A dalilin kayan makarantar yaran ta san Tela. Ta kai ɗinki, ta dawo karɓa, ta sake dawowa wai maɓalli ya cire, alhali ita ta cire shi da haƙori.

Shi kuwa Tela yana sonta kamar ransa, sai dai yana da wata aƙida da ya gada wurin maigidan da ya koya masa sana'a. Tsohon kan ce: "Tela ido gare shi, ba shi da baki. Mace ta ƙaru, ka buɗa. Ta ragu, ka rage. Kada ka kuskura ka ce mata uffan a kan jikinta." Da wannan ya samu amanar matan unguwa, ya riƙe ta tamau. Zai yabi muryar Kumatu, zai yabi hankalinta, amma ko da wasa bai taɓa ce mata jikinta ya yi masa ba. A ganinsa mutunci ne.

Ba a daɗe ba shayi ya fara aiki. Abin da ta ci bai taka kara ya karya ba, shi ma ɗin shayin ya wanke shi a banɗaki. Kayanta suka fara yi mata yawa.

Ranar da ta kai masa riga ta farko, yana kan keke yana ɗinki. Ya ɗago da murmushi.

"Malamar zuciyata, yau an tashe ku da wuri?"

"Wannan ce ta yi min yawa," ta ce, tana kallon fuskarsa ba ƙiftawa.

Ya karɓa, ya dube ta sau ɗaya. Idon tela ba ya buƙatar awo, nan take ya ga abin da ya tafi daga kafaɗarta da ƙugunta. Tambaya ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Gobe in sha Allahu za ki same ta."

Ya rage ta daidai wa daida, ɗinki mai kyau, har da guga. Ita kuma da ta sa ta ga ta zauna mata ɗas, sai ta ce a ranta: ashe gaskiya Yaya ta faɗa, ko tambaya bai yi ba.

Haka ta dinga kawowa yana ragewa. Wata rigar ma sau biyu ta dawo hannunsa.

A gida kuwa Mama ta rasa inda za ta sa kanta.

"Wai ke me ke damunki ne? Kwanon nan yadda na zuba haka ya dawo."

"Na ci a makaranta, Mama."

"Ƙaryar banza. Dubi matajinki, gashin da ke jikinsa ya fi na kanki yawa. Ana zafin nan kina fama da rigar sanyi. Jiya ina jin ki kina nishi kina riƙe da haƙarƙari. Sunan naki ma yanzu kunyar kiransa nake, ina kumatun suke?"

"Gajiyar shirin biki ce kawai..."

Ba ta gaya mata jiri na ɗibarta duk lokacin da ta miƙe ba. Ba ta gaya mata al'adarta ta ɗauke ba, ko cewa zuciyarta kan yi wani irin tsalle ta tsaya, sannan ta ci gaba kamar mai tuntuɓe. Duk ranar da ta je gwaji zif ɗin na ƙara hawa sama, Gimbiya na tafi tana cewa saura ƙiris, wannan kaɗai take ji.

Sau ɗaya ta gwada shi. Ya rako ta bakin titi da yamma, ta tsaya ta riƙe ƙarfen fitila don kada ya gane ƙafarta ce ke rawa.

"Masoyi... ka ga na canza?"

"Na gani."

"To?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da abin awon da ke wuyansa. Ransa cike yake da magana. So yake ya ce tsoro take ba shi, ya ce ya yi kewar fuskarta ta da. Amma yana ganin idan ya faɗa kamar ya ce ta yi muni ne, ga shi ta sha wahala ta samu abin da take so.

"Duk yadda kike so, haka nake so, zuciyata."

Wallahi da ina wurin da na ɗaka masa duka. Shiru ma magana ce, shi dai bai san abin da nasa shirun yake faɗa ba. Daga ranar Kumatu ta daina cin kokwambar ma.

A aji ta faɗi. Wani yaro ne ya yi tuntuɓe yana kuka, ta sunkuya ta ɗauke shi kamar yadda ta saba, sai ɗakin ya juya mata. Kukan yaran ne ya jawo sauran malamai.

Likitar da ta karɓe ta mace ce mai ɗan shekaru, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta tsayar da Mama da Tela a baranda.

"Wa ya bar yarinyar nan ta kai haka?"



"Jiki idan aka hana shi abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake ci, ita ma zuciya tsoka ce. Shayin nan kuma ya wanke gishirin jinin da ke daidaita bugunta. Ga duwatsu sun taru mata a matsarmama saboda saurin ramar, shi ne ciwon haƙarƙarin. Wannan mai sauƙi ne. Zuciyar ce ke ba ni tsoro."

"In kawo mata abinci yanzu, Likita?" in ji Mama tana kuka. "Ko me take so zan dafa."

"A'a Mama, kada ki soma. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka ɗura masa abinci lokaci ɗaya shi ma haɗari ne. A hankali za mu bi ta. Ku dai yi ta addu'a."

Tela ya shiga ɗakin. Tana kwance, an sa mata ƙarin ruwa, hannunta kamar na yarinya 'yar firamare. Ta yi masa murmushi da busassun leɓɓa.

"Kada ka damu... saura kaɗan ta shige ni."

"Me zai shige ki?"

"Rigar mana. Wadda ka yanka."

"Ni? Ni ban taɓa rigarki ba. Yaya ta ce ke kika hana in gani."

Suka dubi juna. Kowa ya gane aikin Yaya ne.

"Amma ka yi ta rage min kaya," ta ce a hankali, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Kullum na kawo sai in ce yau zai ce ya isa. Yau zai ce me ya same ki. Kalma ɗaya nake jira, masoyi... da ka faɗa, a ranar zan ci abinci."

Ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan ƙarfen.

"Na ɗauka ke kike so. Na ɗauka ba hurumina ba ne."

"Idan ba huruminka ba ne, na waye?"

Nan bakin Tela ya buɗe, bayan aikin gama ya gama. Ya gaya mata tun ranar da ta shigo da kayan yara ta cika masa ƙofar shago ya ji duniyarsa ta cika. Ya ce kumatunta ya fara so kafin ya san sunanta. Ya ce duk rigar da ya rage mata sai da ya ji kamar naman jikinsa yake yankewa, kuma duk ƙyallen da ya cire yana nan a ajiye, ya kasa zubarwa.

Ta yi dariya, 'yar siririya, tana kuka.

"Ashe ka iya magana."

"Ki warke kawai. Zan ɗinka miki wata da hannuna, in bar rara mai yawa, ki ci ki ƙoshi ki cika ta."

"Har da burodi?"

"Har da gidan burodin gaba ɗaya."

Da ya fito ya tarar da Yaya a baranda, ta yi tsuru-tsuru da ledar lemo a hannu.

"Ɗan uwana, wallahi ban zaci abin zai kai haka ba. Na ɗauka za ta ji haushi ne ta ce ta fasa..."

Ya wuce ta, ko kallonta bai yi ba. Gimbiya kuwa ko ƙeyarta ba a gani ba, shagonta ma a rufe ya wuni.

Kwanakin da suka biyo Kumatu ta ɗan farfaɗo. Ta fara shan abin da likita ta yarda da shi cokali-cokali, Tela na riƙe da kofi, tana tsokanarsa wai hannunsa na rawa kamar ba mai zura zare a allura ba. Mama har ta fara maganar ɗaga ranar biki.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, rana ta fito tas. Ta ce masa tana son ta zauna ta ga waje. Ya ɗaga mata matashi, ta dafa ƙirji ta ce, "Ka ji ta kuma... tana tuntuɓe." Kafin ya kira ma'aikaciyar jinya idanunta sun juye. Likitoci suka fitar da shi, suka yi iya ƙoƙarinsu. Zuciyar ba ta tashi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da aka kawo ta gida, aka ce a aika kasuwa a haɗo likkafani. Tela ya ce ba wanda zai taɓa mata yadi sai shi. Ya buɗe shago, ya shimfiɗa farin yadi a kan tebur. Bai tambayi kowa awo ba. Idonsa a rufe da hawaye, hannunsa ya yanka yadda ya san ta, yadda ta shigo masa ranar farko. Ya naɗe ya kai da kansa, ya miƙa daga bakin ƙofa, ya koma ya tsuguna a jikin bango.

Can sai ga Mama ta fito, idanunta sun kumbura, tana riƙe da gefen yadin.

"Ɗana... ya yi mata yawa sosai. Masu wankan sun ce ko za ka ɗan rage."

Ya ɗago ya dubi yadin, ya dubi Mama, ya girgiza kai.

"Ku naɗe ta da shi haka, Mama. Ba zan ƙara rage mata komai ba."