Waƙar Lemun Tsami

"Wannan waƙar ta masoyiyata ce!" Zuhair ya faɗa a makirufo, yana leƙa cikin jama'a. "Gizlan, hasken idona, ina kike?"

Kowa ya juyo yana kallona.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar, a tsohon siton nan na bayan tashar jirgin ruwan Asfi, inda samarin garinmu ke kiɗansu na hayaniya da ake kira fank. Gita kamar ana yanka ƙarfe, ganga kamar ana rushe gida. Sauran ƙungiyoyi da fushi suke waƙa. Su Zuhair kuwa, 'yan ƙungiyar Ƙayar Kifi, ban dariya ce sana'arsu. Ba wanda suka ƙyale, har gashin bakin mahaifin Zuhair sun yi wa waƙa.

Daɗi ya kama ni. Na zaci soyayya zai rera.

Mai ganga ya buga sanduna sau huɗu, Zuhair ya kwarma ihu:

"Lemun tsami bakwai! Wanki bakwai! Har yanzu ƙarni! Har yanzu ƙarni!"

Sito ya ɗauka da dariya.

Shi kaɗai na taɓa gaya wa sirrin lemun tsamin nan. A kamfanin kifin gwangwani nake aiki tun ina 'yar shekara sha biyar. Duk ranar da zan gan shi sai na goge hannuna da lemun tsami har fatar ta tsage. Ranar da na gaya masa, tafina ya sumbata ya ce, "Ni ƙamshi nake ji, rabin raina."

Suna da doka. Wanda aka yi wa waƙa sai ya hau dandamali ya faɗo kan jama'a, su cafe shi su zagaya da shi a sama. Shi ke nuna bai ji haushi ba, ya zama ɗan gida. Wanda ya ƙi, ba ya sake shigowa.

Wi'am mai gitarsu ta sunkuyo wajena. 'Yar jami'a ce, ta daɗe tana son Zuhair.

"Hau mana, amarya. Ko kin fi ƙarfin wasa?"

Na hau.

"Zuhair... za su riƙe ni?"

"Haba gimbiyata! Bushaib mai tumbi ma sun riƙe shi!"

Na rufe ido na faɗo.

Ashe Wi'am ta riga ta bi 'yan sahun gaba ɗaya bayan ɗaya. Suka toshe hanci, suka dare gida biyu.

Siminti ne ya tarbe ni.

Ƙarar ƙashin hannuna na fara ji kafin zafin. Kuma kiɗan bai tsaya ba. Zuhair ya ga faɗuwata, idonmu ya haɗu, amma saura baiti ɗaya. Sai da ya ƙarasa.

A gida Yaya Milud ya yi ta faɗa.

"Ban gaya miki ba? Mutum da gashi kamar tukkun zakara! Ga shi ya mayar da ke abin dariyar gari!"

Gaskiyarsa ce. Ko burodi na je saya sai na ji wani ya ce a bayana, "Har yanzu ƙarni..."

Bayan sati uku Zuhair ya zo da curin sukari a hannu, kamar yadda masu neman aure ke yi a garinmu. Shi kaɗai. Mahaifiyarsa ta ce ba za ta taka gidan 'yan kifi ba. Umma ta zuba masa shayi ta fita.

"Wallahi ban san shirin Wi'am ba, zumata. Ki yafe min."

"Na yafe faɗuwar."

"Alhamdulillahi!"

"Waƙar fa? Za ka daina?"

Ya juya kofin shayinsa.

"Gizlan... wasa ne fa. Babana ma ya yi dariyar tasa."

"Babanka a fuska gashin bakinsa yake, kowa na gani. Nawa a kunne na raɗa maka."

"Ita aka fi nema yanzu. Har Marrakish an gayyace mu saboda ita. Ki bari zuwa ƙarshen shekara, kin ji, ƙanwata?"

Da hannuna mai lafiya na tura masa sukarinsa.

"Tashi ka tafi."

"Za ki huce," ya ce daga bakin ƙofa, yana murmushi. "Na san ki."

Ya san ni kuwa. Na huce. Kullum ina cewa gobe zan aika masa, ina jira shi ya fara cewa ya daina.

Wata biyar bayan nan motar su Zuhair ta kife a hanyar Agadir. Su huɗu ne a ciki, shi kaɗai ya rasu.

Ranar arba'in abokansa suka taru a sito don tuna shi. Na je, amma a bayan katanga na tsaya. Na ji muryar Wi'am tana kuka a makirufo.

"Bari mu yi masa wadda ya fi so!"

Mutum ɗari uku suka amsa baki ɗaya, "Har yanzu ƙarni!" wasu na shessheƙa.

Hannuna ya ɗoru a karkace, ba ya riƙe wuƙa. An mayar da ni wajen jera gwangwani a kwali. Jiya Rakiya da ke gefena ta taɓa ni.

"Gizlan, me kike rerawa haka tun safe?"

Ban ma san ina yi ba.

Me zan ce mata? Ita kaɗai ce waƙar da ya taɓa yi min.