Ƙarfen Totur a Hanyar Ɗanzomo

Shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, Gudaji direba ya ɗauko yayansa Ɗantsoho daga Ɗanzomo a Landiroba za su asibitin Gumel, domin kububuwa ta sare shi a gona. Da almuru, a tsakiyar yashi, totur ya saki. Gudaji ya taka har ƙasa, injin bai amsa ba.

Ya buɗe bonet ya haska tocila. Ashe ɗan ƙarfen da ke haɗa totur da kafireta ne ya karye. Ya ɗaure da waya, ta zame. Ya yagi bakin rigarsa ya ƙulla, ya tsinke. Ɗantsoho kuwa sai nishi yake, ƙafa ta kumbura har gwiwa.

Nan take kukan gyare ya ɗauke. Sai ga wani tsoho a gefen Gudaji, ba sallama, ba motsin takalmi.

Gudaji ya ce, "Baba, ko akwai maƙeri kusa?"

Tsohon ya durƙusa ya zura hannu ta ƙarƙashin motar. "Rufe ka tafi, yaro. Na riƙe maka."

Ya rufe, ya taka, mota ta zabura. Bai tsaya ba sai asibiti, aka shiga da Ɗantsoho da sauran numfashi.

Daga nan ya buɗe bonet don ya ga gyaran. Yatsu ya gani damƙe da karyayyen ƙarfen, hannun siriri kamar igiya, ya bi ƙarƙashin motar, ya fita ƙofar asibiti, ya miƙe hanyar Ɗanzomo.