Ruwan Zafi a Gindin Gada

Bayan isha'i Barmo mai shayi ya watsar da ragowar tukunyarsa a gindin tsohuwar gadar jirgin ƙasa ta unguwar Harlem. Yana juyowa ya ga wani dattijo jingine da ginshiƙin gadar. Ya tsargu, don gadar kayan tarihi ce, an hana taɓawa, ga rumfarsa ɗaure a jikinta.

"Baba, hukuma ce ta aiko ka? Yanzu zan kwance igiyar."

"Bar igiyarka." Muryar ta cikin ƙarfen take fitowa. "Tun kafin a kafa gadar nake nan. Haka ake zubar da ruwan zafi a garinku, ba bisimilla?"

Jirgi ya wuce, haske ya ratso. Kafaɗar dattijon na tururi, ganyen shayi manne a wuyansa.