Ƙahon Ziemek a Bayan Sunayen Ɓatattu

"Ke dai ki fito fili ki ce ba kya sona, kowa ya huta!"

Bogna ta tsaya cak a kan matakalar gidan rediyo, iskar birnin Krakow tana neman fizge mata ɗankwali. Ziemek na tsaye daga ƙasa, akwatin ƙahonsa a hammata, hancinsa ya yi jajir, rabi don sanyi rabi don fushi.

"Rage murya, mutane na kallonmu."

"Su kalla mana! Shekara da shekaru muna busa kiɗan jaz a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kamar ɓeraye, don tsoron hukuma. Yanzu an ce mu fito, ke kuma ki ce in rage murya?"

"Ziemek..."

"Fasfo ya fito, Bogna. Ni da Bolek mai ganga da sauran yaran. Ƙasar Sweden za mu! Mutumin da ya ɗauke mu aiki ya ce akwai wurin matata. Matar kawai ta rage."

"Mama fa?"

"Mu tafi da ita!"

"Ka fi kowa sanin ko da igiya ba za ka fitar da ita daga ɗakin nan ba."

Ya sani ɗin kuwa, shi ya sa ya koma harbin ƙanƙara da takalmi.

Yayan Bogna, Witek, yana ɗan saurayi sojoji suka kwashe shi a ƙarshen yaƙi suka kai shi sansanin fursunoni can gabas. Babansu kuwa an ga gawarsa, an binne, an yi kuka an share hawaye. Witek ne babu gawa babu labari. A shekarar nan ta 1957 jiragen ƙasa sun fara dawo da mutane daga gabas, ramammu, haƙora a zube, sai begen Mama ya dawo ɗanye shakaf. Sa rai ga ci ai shi ke kawo yunwa.

Kullum da yamma rediyo na karanto sunayen waɗanda ake nema da adireshin masu nemansu. Adireshin da Mama ta bayar kuwa shi ne na ɗakin nan guda ɗaya, hawa na uku, mai warin kabeji da gawayi.

Da Bogna ta shiga, a gaban rediyon ta tarar da ita, ta manna kunne da shi.

"Sannu da gida, Mama."

"Shhh! Sun zo kan masu harafinmu."

Aka karanta, aka wuce, babu Witek. Mama ta gyara mayafin ulunta kamar ba komai.

"Gobe ne. Zuba miya ki sha, kin dawo kamar kazar da ruwa ya daka. Mai ƙahon nan ne ko?"

"Yana so mu yi aure, Mama."

"To ku yi mana! Yaron kirki ne, duk da kiɗan nasa kamar ana yanka akuya. A ja labule a tsakiyar ɗaki, ku ɗauki wajen taga."

"Tafiya zai yi... ƙetare."

Cokalin hannun Mama ya tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Ki bi shi, 'yata. Ni ban hana ki ba, Allah ya gani." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Sai dai ina tunani, ranar da na mutu, in Witek ya hawo matakalar nan ya ƙwanƙwasa, wa zai buɗe masa?"

Da ma zaginta ta yi! Da ma cewa ta yi ban yarda ba, da Bogna ta samu abin yi wa tawaye. Amma wa ke faɗa da uwar da ta ce je ki, hawaye na ɗiga a cikin miya? Gaba kura baya sayaki, haka Bogna ta kwana.

A satin ne aka kira su Ziemek su naɗi kiɗa a gidan rediyo, karo na farko. Aikin Bogna ke nan. Tana zama bayan gilashi kusa da Pan Rogala, shugaban ɗakin naɗi, tana ɗora zaren naɗar murya a kan na'ura, faifai mai faɗi kamar faranti. In an gama ta yanke tari da kuskure da almakashi, ta liƙe bakin zaren da gam. Doka ɗaya ce a ɗakin: muddin jar fitila na kunne, ba mai cewa uffan.

Yaran suka shigo da takalma masu kaurin ƙasa da safa kala-kala, Bolek na tauna wani abu.

"Kai mai ganga, tofar da abin nan!" in ji Pan Rogala ta lasifika. "Kuma a takarda kiɗan rawa na rubuta, kada wani ya ce min jaz. Ina da 'ya'ya."

"Ranka ya daɗe, ko kiɗan jana'iza ka rubuta mu dai mu busa!"

Jar fitila ta kama. Suka saki kiɗa har gilashin na rawa, Pan Rogala da kansa ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin tebur yana haɗe rai. Da suka kai ƙarshe, kafin a kashe fitila, Ziemek ya matso bakin makirfo ya kafe ta da ido ta cikin gilashi.

"Bogna... kina ji na? Na san fitila ta ɗaure miki baki. Ki ɗago kai kawai, sanyin idona, ya ishe ni."

Bolek ya daina dariya.

Bogna ba ta ɗago ba. Ta zuba wa zaren da ke juyawa ido, wuyanta ya yi nauyi kamar an ɗora masa buhun dankali. Tana sonsa, so irin wanda ke hana cin abinci, amma ta san in ta ɗago kai sau ɗaya ta tafi ke nan.

Ziemek ya jira. Da ya ga shiru sai ya kai ƙahon baki ya busa shi kaɗai, a hankali, wata busa da babu ita a takarda. Ba ta yi tsawo ba. A ƙarshenta numfashinsa ya karye, ƙahon ya yi wata 'yar shessheƙa.

Pan Rogala ya kashe fitila ya fyace hanci da ƙarfi.

"Nan ba coci ba ne da za a zo mana neman aure! Yarinya, yanke surutun nan kafin a sa a iska."

Ta yanke maganar har da busar. Amma hannunta ya ƙi kai guntun kwandon shara, sai ta naɗe shi a yatsa ta cusa a aljihun rigar aiki.

Ranar tafiya ta raka shi tashar jirgi. Ba su yi faɗa ba, faɗan ya ƙare musu.

"Zan dawo in ɗauke ki, ko da Mama a baya."

"Kada ka yi alkawari, Ziemek. Gidanmu mai jira ɗaya ya ishe shi."

"Ke dai ba kya motsawa daga ɗakin nan, ko?"

"Ina zan je?"

"To na san inda zan same ki."

Jirgi ya ja. Bolek ya leƙo ta taga yana ihu, "Amaryarmu ta ƙi mu! Yesu Maryamu, a riƙe min shi kada ya diro!" Sai da hayaƙin ya baje sannan Bogna ta bari kukan ya fito.

An sa kiɗan nasu a iska sau ɗaya tak. Bayan 'yan kwanaki Pan Rogala ya ajiye mata faifan a kan tebur, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Zare ya ƙare mana. Goge wannan, a kansa za a naɗi sunayen yau."

Haka ake yi a lokacin. Zare tsada gare shi kuma ba ya isa, abin da aka riga aka watsa sai a goge a ɗora wani. Bogna ta duba takardar sunayen. Na huɗu daga sama Witek ne, Mama ta sake kai sunansa.

"Pan Rogala, babu wani faifan? Ko na jawabin noman gwoza?"

"Ke! So kike a kore mu duka? Jawabin manya ake gogewa?" Ya sassauta murya. "Yi haƙuri, yarinya. Kiɗa ne kawai."

Kiɗa ne kawai! Duk duniya nan ne kaɗai kiɗan su Ziemek yake. In ta ɓoye faifan, yau ba za a karanta sunan yayanta ba, ga tsohuwa can ta manna kunne da rediyo tun rana. Bogna ta ɗora faifan da hannunta, ta danna, ta tsaya tana kallo zaren na wucewa yana fitowa wayam. Ganga ta tafi, ƙaho ya tafi. Mai karanta sunaye ya shiga, ya gyara murya, ya fara.

Sai da kowa ya fita cin abincin rana ta tuna wani abu. Faifan sunaye ne kaɗai ba a gogewa a gidan, saboda dangi kan zo su roƙi a sake sa musu su ji da kyau. A ƙarshen kowane faifai kuma akwai farin zare marar murya, da an gan shi ake tsayar da na'ura. Ba mai wuce shi.

Ta zaro guntun nan daga aljihu, ta warware shi, ta liƙa shi a bayan farin zaren. Ta rufe faifan a gwangwaninsa ta kai ɗakin ajiya.

Da yamma Mama ta ji sunan ɗanta a rediyo, ta rungume Bogna.

"Kin ji? Kin ji yadda ya faɗe shi ras? Wannan karon zai ji!"

"Na ji, Mama."

Witek bai ji ba. Kowane jajibirin Kirsimeti, farantin da kowane gida ke ajiye wa baƙon da ka iya faɗowa, nasu Mama takan ɗumama shi a kan murhu. Ta tsufa, ta kwanta, Bogna ta yi jinya har ta rufe mata ido. Maganarta ta ƙarshe ita ce kada a canja makulli.

Maƙwabta suka ce to yanzu sai ta koma sabbin gidaje masu ruwan zafi. Ta ce hawa uku motsa jiki ne. Ƙarya take! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, akwai wanda ya ce ya san inda zai same ta. Ko bayan da Bolek ya dawo da furfura da tumbi, ya zauna a kujerar Mama yana murza hula, ya ce Ziemek ya yi aure can a makare, bai ji daɗinsa ba, kuma ciwon huhu ya ɗauke shi, Bogna ba ta tashi ba. Ta riga ta manta yadda ake zama ba jira.

Wata ranar Lahadi da rana, ta haura tamanin, tana feraye dankali rediyo na surutunsa. Wata yarinya mai zaƙin murya ke gabatar da shirin tsofaffin faya-fayan jaz da ake tonowa daga ɗakin ajiya.

"Yau muna da abin mamaki," in ji ta. "Muna kwafe wani faifan sunayen ɓatattu na bayan yaƙi, abokin aikina ya manta bai tsayar da na'ura ba. Ku ji abin da ke bayan suna na ƙarshe."

Aka ɗan yi shuuu. Sai murya ta fito, ta saurayi, ko tsufan kwana ɗaya ba ta yi ba.

"Bogna... kina ji na?"

Wuƙar ta faɗi ƙasa.

"Na san fitila ta ɗaure miki baki. Ki ɗago kai kawai, sanyin idona, ya ishe ni."

Shirun nan ma yana nan, duk tsawonsa, ba wanda ya rage shi. Ashe haka ya daɗe yana jira! Sannan ƙahon ya shigo a hankali, ya cika ɗakin, ya bi ta kan gadon Mama da tagar da aka ce su ɗauka, har ya kai inda numfashinsa ya karye.

"Ba mu san mai busar nan ba," in ji yarinyar. "Babu sunansa ko'ina. Muna neman Bogna. In tana raye, ko akwai wanda ya san inda take, don Allah a zo a faɗa mana."

Bogna ta yi dariya, hawaye na bin tamojin fuskarta.

"Kin ji, Mama? Rayuwa guda muna jiran suna a akwatin nan, ashe nawa za a kira."

Ta goge hannu. Ta sa kwat ɗinta na zuwa coci, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki sanda. Yaron nan ba zai kwana cikin ɓatattu ba alhali tana da baki. A bakin ƙofa ta tsaya da makulli a hannu, ta juyo ta fuskanci rediyon.

"Ina jinka, Ziemek," ta ce.

Sannan ta ɗago kai.