Om Takwas

Ranar kasuwar Wurno Mujaheed ya shigo shagon Malam Atiku mai gyaran rediyo, rungume da amfilifayar jitarsa, na'urar ƙara sauti, tana warin ƙuna. Malam ya tafi masallaci, 'yarsa Rahama ce ke tsaron shagon. Tun bai ajiye kayan ba ta yatsine hanci.

"Lasifika nawa ka jona mata?"

"Ukku. Jama'a sunka ce sauti bai kai baya ba."

Ta juyo bayan amfilifayar. "Dibi nan, om takwas anka rubuta, awon lasifika ke nan, ba ta ɗaukar ƙasa da haka. Lasifikokinka takwas-takwas na, ka haɗa su kai da kai, lissahin ya sauko ƙasa da ukku. Mi kaka so ta yi in ba ƙonewa ba?"

Wallahi rabin bayanin bai shiga kunnensa ba. Bakinta kawai yake kallo.

Malam Atiku ya naɗa sabuwar taransifoma da hannunsa. Shi kuwa yana da doka da kowa ya sani a Wurno: abin da ganganci ya ƙona, sau ɗaya yake gyara shi. Gyara ya ƙare, amma Mujaheed bai daina zuwa daga garinsu Rabah ba. Yau fis, gobe waya, jibi gaisuwa. Dattijo ba yaro ba ne, ya zaunar da shi.

"Ba kiɗanka na ƙi ba, na san kana noman albasa. Amma wanda ihun jama'a ka sa shi ƙona abin hannunai, ba ni ba shi ɗiyata. Kada in ƙara ganinka sai an cire albasa. In ta sake ƙonewa kahin nan, ka manta hanyar gidan ga."

Kai, wannan rani ya yi wa Mujaheed tsawo! Yana ban-ruwa yana kallon hanyar Wurno. Ranar kasuwa ya sa riga, ya tuna, ya cire. Sai kuma labari ya iso masa cewa Bashir na Goronyo, mai hayar manyan lasifikoki, ya fara sallama a gidan su Rahama. Kishi ya hana shi cin tuwo, ya daina amsa saƙonta.

Ana haka wani direba ya miƙa masa ƙunshi. Mitar awon om ce, tsohuwa, an naɗe ta a ɗankwalin Rahama. Wayarsa ta yi ƙara, saƙonta ne.

"Sarkin gaggawa, ka yi hushi ba ka tambaya ba. Bashir ya zo, na gaishe shi, ya tahi. Ni kai nika jira. Ka auna kowace lasifika kahin ka jona, don Allah. Kewarka ta ishe ni."

Ya karanta har ya haddace, sannan ya rubuta: "Rahamata, ki yahe mani. Ɗankwalin ga ba ni maido shi sai da sadaki."

Dab da cirar albasa aka gayyace shi biki a Goronyo. Fili ya cika maƙil bayan la'asar, lasifikarsa guda ɗaya tak, na baya suka fara ihun ba su ji. Sai ga Bashir ya sa an jibge manyan lasifikoki huɗu a gabansa, yana murmushi.

"Jona su duka, angon gobe. Ko tsoro kaka ji?"

Aka fashe da dariya. Abokan ango na tafi suna "Jona! Jona!" Hannun Mujaheed har ya kai kan wayar lasifika. Sai ya ji nauyin mitar a aljihunsa.

Ya durƙusa cikin ƙasa ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta om huɗu ce. Da ya haɗa su kai da kai, da lissafin ya koma ɗaya, da hayaƙi ya tashi da aurensa gaba ɗaya. Ya cire tasa, ya ture biyu gefe. Sauran biyun ya jera su, wayar wannan ta shiga waccan, huɗu da huɗu suka ba shi takwas. Ana yi masa tsiya, wata tsohuwa har da cewa a kira mai kalangu, gumi na zuba, bai ɗago ba sai da ya sake aunawa.

Sannan ya kaɗa jita. Waƙar da ya yi wa Rahama a bakin rijiyar gona ita ya fara da ita, fili ya yi tsit.

Da ya gama, wani dattijo ya ratso jama'a. Malam Atiku ne, ashe cikin dangin amarya yake. Ya ɗora tafin hannunsa a bayan amfilifayar ya daɗe. Ɗumi ne kawai.

"Turo magabatanka ran Juma'a," ya ce.

An ɗaura aure a Wurno da albasa ta shiga rumbu. Malam Atiku ya dafa kansu ya ce Allah ya yi albarka, ya ba da zuri'a ɗayyiba, kowa ya amsa da amin. Da aka kai amarya Rabah, Mujaheed ya ciro ɗankwalin ya miƙa mata. Rahama ta karɓa tana dariya da hawaye.

"Mitar hwa?"

"Ita kam ba ni maido ta har abada."