Ranar da Bai Shukri Ya Gyaɗa Kai

Fikriye tana goga dankali a kwano, 'yarta Selvi tana yanka albasa. Gwaggo Hatije kuwa tana zaune kusa da murhu, ba ta taɓa komai ba sai magana. Aikinta ke nan tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta.

"Takarda yake nema," ta ce. "Ku rubuta ku ajiye."

"Gwaggo, kin faɗa jiya, kin faɗa shekaranjiya."

"Gobe ma zan faɗa! Yaro ya taso tun daga Tunisiya, ya tsallake teku, ya wuce 'yan matan birnin Plovdiv kaf, sai ke 'yar mai tumaki ya gani? Don kyan hancinki?"

"Me hancin nata ya yi?" in ji Fikriye. "Irin naki ne ai."

Selvi ta yi dariya har hawayen albasa suka zubo. Ta share da bayan hannu ta sake yi wa gwaggonta bayani, kamar yadda take yi wa ɗalibanta. A Plovdiv take koya wa baƙin ma'aikata harshenmu na Bulgeriya, a nan ta haɗu da Skander. Shi a kamfanin waya yake, sashen da ke magana da jama'a. Shi ke rubuta sanarwarsu da Faransanci da Larabci, shi ke lallashin wanda ya fusata. Takardar zamansa ta ɗan lokaci ce, kullum cikin sabuntawa. Yanzu kamfanin ya ce zai tsaya masa ya samu ta dindindin, amsarsa kawai manaja take jira ranar Litinin.

"Tun bara na ce ya zo ya ga Baba, ya ƙi," in ji Selvi. "Ya ce sai kamfani ya tsaya masa tukuna, don kada wani ya ce aurena ya yi tsani da shi."

"Wane ne zai ce haka?"

"Ke mana, Gwaggo!"

Mahaifin Selvi, wanda ake kira Bai Shukri don girmamawa, yana bakin ƙofa yana gyara igiyar ƙararrawar tunkiya. Bai ɗago ba. Mutum ne da zai yini bai furta kalma biyar ba. In ya yarda da abu sai ya girgiza kai gefe da gefe, yadda duk muke yi a nan. In bai yarda ba ya ɗaga kai sama ya sauke. Da wannan ya yi aure, da wannan ya rene 'ya.

"Skander ɗin yana jin harshenmu kuwa?" Fikriye ta tambaya.

"Sosai, Mama. Ba harshen ne ya wahalar da shi ba, kai ne. Kin san su a can a juye suke yi. Gyaɗa kai sama da ƙasa shi ne e, girgizawa shi ne a'a. Satinsa na farko ya shiga shago ya tambaya ko akwai burodi, matar ta girgiza masa kai, sai ya yi godiya ya fita. Ga burodin nan a bayanta jibge! Da yunwa ya wuni."

"Wayyo, bawan Allah!"

"Yanzu kam ya iya. Ni na koya masa. Har mahaifiyarsa tana ƙorafi in suna bidiyo, wai ta rasa gane ɗanta."

Hannun Bai Shukri ya tsaya a kan igiyar. Ya ɗan jima haka, sannan ya miƙe ya nufi garke. Babu wanda ya kula.

Ranar Asabar Skander ya iso. Dogo ne siriri, kwat ɗinsa ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Ya kawo alewa da kwalin dabino da mahaifiyarsa ta aiko. Ya cire takalmi a ƙofa ba a ce masa ba, ya sumbaci hannun Gwaggo Hatije ya ɗora a goshi. Ta janye hannun tana harararsa, amma dabinon ta ci uku kafin a kawo kofi.

Da aka sha kofi, ya gyara zama ya fuskanci maigidan.

"Baba, ban zo da dangi ba, suna nesa. Ban zo neman wurin zama ba, kamfani ya ce zai tsaya mini. Amma ba na son zama a ƙasar nan in ba tare da Selvi ba. Na zo ka ba ni ita."

Bai Shukri ya dube shi, ya dubi 'yarsa. Ya miƙe wuya kamar mai shirin ɗaukar kaya. Sannan ya ɗaga kai sama ya sauke ƙasa, a hankali, har sau biyu.

Cokali ya faɗi daga hannun Fikriye.

"To, ka gani," in ji Gwaggo Hatije, amma muryarta ba ta fito da ƙarfi yadda ta so ba.

Skander ya miƙe. Fuskarsa ta canza, amma bai manta ladabi ba. Ya sumbaci hannun tsohon ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Ya fita. Wainar dankalin da aka soya dominsa tana kan tebur tana tururi.

Selvi ta cim masa a bakin shinge.

"Tsaya! Skander, tsaya mana! Mu koma Plovdiv, mu je ofishin gari a ɗaura mana. Ni ba yarinya ba ce, doka ba ta tambayar Baba."

"Ni ina tambayarsa."

"Kai wallahi taurin kanka ya fi nasa!"

"Selvi, na baro uwata a can, na san zafin. Ba zan sa ki rasa ubanki kina kallon gidansa daga nesa ba."

"To takardar fa?"

"Litinin zan ce wa manaja ta ba wani. Ba zan iya zama gari ɗaya da ke ina wuce ajinki kamar baƙo ba. Gida zan koma."

Ta riƙe shingen tana kuka har motar haya ta ɓace a kwanar dutse.

Ranar Lahadi gidan kamar an yi rasuwa. Selvi tana ɗaki. Fikriye tana ajiye wa mijinta abinci da ƙarfi har miya ta fantsama. Ba a saba tambayar Bai Shukri dalili ba, ba a fara ranar ba. Shi kuwa ya cinye abincinsa tas. Ya ji kukan 'yarsa ta bango, ya ce a ransa haka 'yan mata suke yi in za su bar gida. Tafiyar yaron ba cin abinci ma bai dame shi ba. Ya ɗauka kunyar surukai ce irin ta ƙasarsu.

Litinin da hantsi sai ga shi ya shigo tsakar gida yana jan babban ragonsa, mai ƙaho a murɗe, wanda ya hana mahauta shekara da shekaru. Ya ɗaure shi a gindin tuffa ya zuba masa hatsi.

Fikriye ta leƙo. "Wannan fa?"

"Ya yi ƙiba."

"Ya yi ƙiba don me?"

"Biki."

"Bikin wa, Baban Selvi?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunansa. "'Ya'ya nawa gare mu?"

Gwaggo Hatije ta fito da ɗankwali a hannu. Selvi ta buɗe taga, idanu a kumbure.

"Shukri, kanka ɗaya? Ba kai ka hana yaron ba?" in ji Gwaggo.

"Na ba shi."

"Ka gyaɗa kai! Da idona na gani!"

"Irin nasu na yi." Ya nuna Selvi da haɓa. "Ita ta ce a juye suke yi. Baƙo ne. Na ce in amsa masa yadda zai gane." Sannan ya ƙara da abin da ya fi ci masa rai. "A garke na koya. Wuyana har yanzu ciwo yake."

"Wayyo Baba!" Selvi ta dafe kai, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. "Ai na ce ya iya namu! Namu ya karanta! Yau zai mayar da takardar, gida zai koma!"

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta tura saƙo, bai shiga ba.

Gwaggo Hatije ta tsaya da ɗankwalin a hannu. "Tsaya. Takardar zai mayar? Ta dindindin ɗin?"

"Ita, Gwaggo."

"Saboda an hana shi ke?"

"E!"

Tsohuwar ta ɗaura ɗankwali ta ja shi tamau. "To me kuke jira? Ke, tada motar! Kai kuma sa hularka ta Juma'a. Yau sai ka buɗe bakin nan, ko in buɗe maka shi da cokali!"

Ƙaramar motar Selvi ta gangara duwatsu tana kuka a kowace kwana. Gwaggo tana baya tana salati tana kuma cewa a ƙara wuta. Bai Shukri yana gaba, ya riƙe hularsa a cinya da hannu biyu.

Ginin kamfanin duk gilashi ne. Bai Shukri ya dubi akwatin da ke hawa da mutane sama, ya ƙi shiga, ya bi matakala. Hawan dutse ne aikinsa, sai ya riga su isa. Wata yarinya ta tare shi tana tambayar wa yake nema. Ta gilashi ya hango kwat ɗin nan mai faɗin kafaɗa, ya tura ƙofar ya shiga.

Skander yana tsaye gaban manaja, wata mace mai furfura da tabarau, yana cewa, "Na gode da duk abin da kuka yi mini, amma..."

"Zai zauna," in ji Bai Shukri.

Skander ya juya. "Baba?"

"Na ba ka. Tun Asabar na ba ka."

"Amma Baba, ka gyaɗa kai..."

"Irin naku na yi."

"Ni kuma irin naku na karanta!"

Suka tsaya suna kallon juna. Selvi da Gwaggo suka faɗo ɗakin suna haki, kowacce tana bayani a kan muryar ɗaya. Da manaja ta gane zancen, sai ta cire tabarau ta kifa kai a tebur tana dariya.

"Skander! Kai ne gwaninmu na fahimtar da mutane! Harsuna huɗu a bakinka, kalma ɗaya ta gagare ka tambaya?"

"Ranki ya daɗe, surukina ne. Tsoro ya hana."

"To yanzu ni nake tambaya. Mu tsaya maka, ko mu ba wani?"

Skander ya fara motsa kai. Selvi da Gwaggo da manaja suka ɗaga murya tare: "Da baki!"

"Na karɓa! Wallahi na karɓa!"

Bai Shukri ya kama kafaɗar yaron ya matse. Ya buɗe baki kamar zai yi doguwar magana, kowa ya zuba masa ido.

"Ba ka ci abinci ba ranar nan," ya ce.

Takardar ba ta fito da wuri ba, irin waɗannan ba sa fitowa da wuri. Skander ya ce a jira ta kafin biki, kamar yadda ya yi niyya tun farko, Selvi ta yi ƙorafi ta kuma jira. Ragon ya ƙara ƙiba har tafiya ta fara yi masa wuya. Da kaka takardar ta fito, aka ɗaura aure a masallacin ƙauye. Mahaifiyar ango ta zo daga Tunisiya, ita da Fikriye ba su jin harshen juna, amma sun wuni a ɗakin girki suna dariya. Gwaggo Hatije ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu cewa ita ce ta fara gane yaron kirki ne.

Da liman ya tambayi Bai Shukri ko ya bayar, duk masallacin ya zuba wa kansa ido. Bai motsa shi ba. Ya ce, "Na bayar," da ƙarfin da har na waje suka ji.

Ku yara, ku riƙe wannan. Da Skander ya bi zafin zuciya ya ɗauke yarinyar zuwa ofishin gari, da ya samu mata ya rasa uba, alhali uban ya riga ya ba shi. Haƙurinsa da girmama iyaye su suka tsare masa duka biyun. Ku kuma manya, ku ji naku. Kyakkyawar niyya ba ta isa in ta tsaya a cikin ciki. In za ka ba mutum 'yarka, ka faɗa masa da baki.